Kafin A Zo Duba Tsuntsuwa

'Yata Dakta,

Karɓi sallamar wanda ya daɗe bai yi ba. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni da sauƙi. Gwiwar hagu ta ƙi, hannun dama yana rawa, shi ya sa za ki ga rubutun ya karkace. Da ɗalibina ne ya kawo mini irinsa, da sai ya sake. Kunne kuma ya yi nauyi, ba na jin magana ta waya, sai in yi ta amsawa inda ba a kira ni ba. Saboda haka na koma takarda. Direban da ke zuwa garinku zai ajiye ta a ƙofar jami'a.

Na san zumuncinmu ya yi sanyi. Ni da mahaifinki 'ya'yan wa da ƙane ne, amma tun ranar da aka binne shi ban sake sa ki a ido ba. An ce yanzu ke kike koyar da malamai yadda za su riƙe yaran da kansu ya bambanta da na sauran, a aji ɗaya da kowa. To, ga ɗaya a gidana.

Jikata ce, 'yar marigayiya 'yata, shekarunta tara. Tsuntsuwa nake kiran ta, don idan ta ji daɗi sai ta yi ta kaɗa hannuwa kamar za ta tashi sama. Likita ya ce otizim ne. Tana magana, tana karatu fiye da 'yan ajinsu, amma ba ta kallon mutum a ido, kullum tana 'yar waƙa a hanci marar baiti, ƙara kuma tana shiga mata har ƙashi. Tun rasuwar uwarta mu biyu ne a gidan. Ubanta yana aiki a jirgin ruwa, sai ya yi watanni bai taka ƙasa ba.

Malamarta ta da ta san ta. A bakin ƙofa take zaunar da ita, idan surutu ya yi yawa ta fita baranda ta huce ta dawo. Aka yi wa malamar canjin wurin aiki. Sabuwar ta mayar da ita tsakiyar aji, ƙarƙashin wata fanka mai ƙara. Kwanan baya yara suka ja benci a kan siminti, Tsuntsuwa ta yi ihu ta shige ƙarƙashin tebur. Malamar ta jawo ta, ita kuwa ta cije ta a hannu. Bai yi jini ba, amma an nuna mini sawun haƙoran.

Shugabar makaranta ta kira ni ofis. Ta ce, “Malam, ba korar ta za mu yi ba tukuna. Mun roƙi jami'a ta turo mana wanda zai zauna a aji ya duba ta, ya rubuta rahoto. Abin da rahoton ya ce, shi za mu bi.”

Labari ya kai wa ubanta. Ya aiko cewa idan makarantar ta sallame ta, ya samo wani gidan kwana na irin waɗannan yara a wani birni mai nisa. Ya ce ba don mugunta ba, ya ce ni ma na tsufa. Ban yi masa musu ba, na tsufa. Amma yarinyar da ba ta cin burodi sai an yanke masa gefe, wa zai tsaya yanke mata a can? Ni kuma in tashi da safe in dafa wa wa shayi?

Na yi aikin koyarwa tun kafin a haife ki, na san zuwan sufeto. Abin da ya gani a ranar, shi ne gaskiyarsa, ba ruwansa da sauran shekara. A zamaninmu muna shirya masa aji tun da mako biyu: a share, a wanke allo, kowane yaro ya san inda zai sa hannunsa da lokacin da zai buɗe baki. Ban taɓa faɗuwa a gaban sufeto ba. Zan shirya ta kamar yadda na iya.

Abin da nake roƙon ki: wa za su turo, kuma me yake dubawa? Ki faɗa mini ko a taƙaice ne.

Baffanki.

*

'Yata,

Ina sake gaishe ki, da fatan lafiya ce ta riƙe ki ba wani abu ba. Ban ga amsa ba. Direba ya rantse ya ba mai gadi hannu da hannu. Wani lokaci in ce ko ba ki da lafiya, wani lokaci in ce kin karanta, kin ga abin ba shi da gyara, kina neman yadda za ki faɗa wa tsoho. Jikina yana nan. Ranar Talata na zame a banɗaki, na kasa tashi, sai da Tsuntsuwa ta jawo kujera na dafa. Wannan ya tsaya tsakanina da ke, kada ubanta ya ji.

An sa rana, saura 'yan kwanaki. Na mayar da falo aji. Na shigo da bencin baranda, na jingina tsohon allona a kan kabad. Idan ta dawo daga makaranta ta ci abinci, sai mu zauna. Na koya mata ta sa hannuwanta ƙarƙashin cinya, don kada su tashi. Na koya mata ta riƙa duban tsakanin girar mai magana, shi zai ɗauka idonsa take kallo. Waƙar hanci a haɗiye ta. Idan ƙara ta zo, ta cije leɓe ta jira ta wuce. Ni da kaina nake jan bencin a kan siminti, ina buga murfin tukunya a bayanta.

Ranar farko ta toshe kunne ta ce, “Kaka, me ya sa kake yin ƙara da gangan?”

Na ce, “Don ki saba.”

Bayan kwanaki ta daina toshewa. Na ce, “Kin ga, kin saba.”

Ta ce, “Ban saba ba. Shiru kawai nake yi.”

Na ce, “Shirun nake so, uwargida.”

Ta yi tunani, ta ce, “Idan na yi kuskure a gaban baƙon fa?”

A nan na faɗa mata gaskiya, don a ganina gara yaro ya san abin da ke gabansa. Na ce za a kai ta wani gida mai nisa, ba tare da ni ba. Ba ta yi kuka ba. Ta gyara zama, ta sa hannuwa inda na ce. Tun daga ranar ba ta sake kuskure ba, ko sau ɗaya. Ban taɓa samun ɗalibi mai ɗaukar darasi irin ta ba.

Telan da ke ƙofar gidanmu ya leƙo ta taga ya ce, “Malam, an sake buɗe makaranta ne? A sa ni a rajista, ko na gyara abin da na ɓata.”

Na ce, “Kai tun kana yaro aka gama da kai, je ka ɗinkinka.”

Ya yi dariya, har ya juya sai ya ce, “Kwana biyu ban ji rediyon gidanka ba. Batir ya ƙare ne?” Waƙar hancinta yake nufi. Ya ce da ita yake taka keken ɗinki.

Gidan ya yi tsit, 'yata. Burodin da nake yanke wa gefe yana dawowa rabi, shayi yana hucewa a kofi. Tana zama a falo ko ba darasi, bayanta a miƙe, kamar mai jiran a kira ta. Abin da na nema na samu, amma ga shi tsoro nake ji, ban san na me ba. Ke kika karanta wannan ilimi. Haka ake yi? Ki rubuto.

Baffanki.

*

Baffa,

Na amsa sallama, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa da hannu. Ka yafe mini. Ina zagayen duba ɗalibaina masu koyon aikin koyarwa a makarantun karkara, jiya na dawo na tarar da takardarka a cikin tulin da ke kan teburina. A tsaye nake rubutu, ana jira na a taro. Na ji daɗin ganin rubutunka, karkatacce ko miƙaƙƙe, har yanzu ya fi na likitoci.

Na bincika. Wadda za a turo ɗalibata ce, ni nake duba aikinta na digiri na biyu. Saboda haka ba zan iya sa baki a maganar ba. Ba zan faɗa maka abin da za ta duba ba, ba kuma zan yi mata zancen Tsuntsuwa ba. Ƙa'idar aikinmu ke nan, idan na karya ta rahoton ba shi da daraja a gaban kowa.

Abu ɗaya kawai: ka bar yarinyar yadda take.

Zan rubuto da tsawo idan na zauna. Ka gaishe mini da uwargidan taka Tsuntsuwa.

'Yarka.

*

Dakta,

Na gode da takarda. Ta kwana a tasha cikin aljihun wani yaron mota, ba ta iso ba sai bayan an gama komai. Lafiyata ba abin tambaya ba ce yanzu.

Na karanta, na fahimta. Kina da ƙa'ida, kina da matsayi, ba za ki ɓata su a kan jikar wani tsoho da rabonki da shi tun jana'iza ba. Ban ga laifinki ba. Amma da ba ki ƙara layin ƙarshe ba. “Ka bar ta yadda take.” Haka likita ya ce mini a asibiti a kan uwarta, ranar da suka cire mata ƙarin ruwa. Na san abin da masu ilimi ke nufi idan suka faɗi haka.

Ga abin da ya faru, don ki sani.

Ɗalibarki ta zo, yarinya ce siririya mai tabarau, ta zauna a bayan aji kwana biyu. Ba a bar ni na shiga ba, amma malamar ta ba ni labari da bakinta. Tsuntsuwa ta zauna a tsakiyar aji, ƙarƙashin fankar nan, ba ta motsa ba. Ta amsa duk tambayar da aka yi mata, tana kallon malama. Iska ta buga ƙofa har wasu yara suka zabura, ita ko gezau.

Da aka tashi a rana ta biyu shugabar makaranta ta kira ni. Ta ce, “Malam, ashe tana iyawa.”

Na yi murmushi. Na ji irin daɗin da nake ji idan motar sufeto ta juya.

Sai ta ce, “To idan tana iyawa, cizon nan da gangan ne ke nan. Mu da muke tausaya mata, muna cewa lalura ce. Ba ta buƙatar bakin ƙofa, ba ta buƙatar baranda, tarbiyya take buƙata. Iyayen yara kuma sun ce ba za su zuba ido ana cizo a aji ba. Da rahoto ya fito hukumar makaranta za ta zauna.”

Na juya wajen ɗalibarki da ke zaune a gefe. Ta gyara tabarau ta ce, “Baba, abin da aka faɗa mini ban gan shi ba. Abin da na gani zan rubuta.”

Ban san yadda na kai ƙofar makaranta ba. Tsuntsuwa tana tsaye tana jira na, jaka a baya. Muka taho gida. Ta cire takalma ta jera su, ta wuce ɗaki, ta shige ƙarƙashin gado.

Tana can har yanzu. Tana fitowa ta sha ruwa ta koma. Leɓenta na ƙasa ya kumbura, ya fashe ta ciki. Da na canja mata kaya, don ta yi fitsari a kwance, abin da rabonta da shi tun tana 'yar shekara uku, na ga sawun farce a bayan cinyoyinta, jere, wasu sun yi jini. Ba ta yi magana ba tun ranar. Ba na iya durƙuso saboda gwiwa, sai in kwanta a ƙasa in leƙa ta. Idan na kira ta, ko a kwance take, sai ta cusa hannuwanta ƙarƙashin cinya ta dubi tsakanin girata. Ni take yi wa haka, 'yata. Ni ne baƙon yanzu.

Ubanta zai sauka ƙasa ƙarshen wata. Idan ya zo ya tarar da takardar kora, ya tarar da ita a haka, ba zai ma zauna shan ruwa ba.

Ba na roƙon ki ki karya ƙa'ida. Ki faɗa mini abu ɗaya a matsayin wadda ta sani: yaran da suka yi irin wannan shiru, suna dawowa?

Baffanki.

*

Baffana,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina roƙon Allah ya ba Tsuntsuwa lafiya, kai ma ya ba ka. Takardunka biyu, ta darasin falo da ta ƙarshe, rana ɗaya suka iso mini. Na rufe ofis na karanta, ban shiga aji ba ranar.

Amsar tambayarka da farko: suna dawowa. Na gani sau da yawa. Ba a rana ɗaya ba, kuma ba da ja ba.

Layin nan nawa, laifina ne da na rubuta shi a tsaye. Ba cewa nake ka fid da rai ba. Cewa nake kada ka gyara komai, a gan ta da hannuwanta da waƙarta da tsoronta. Wadda muke turawa ba sufeto ba ce, Baffa. Ba ta zuwa don yaro ya ci ko ya faɗi. Ajin take dubawa fiye da yaron: ina aka zaunar da shi, me ke ƙara, me malama ke yi kafin abu ya ɓaci. Da ta ga Tsuntsuwa ta toshe kunne a ƙarƙashin fankar nan, da fankar ta rubuta. Abin da ka koya mata, yara da yawa irinta su kan koya wa kansu: su ɓoye a makaranta, su zube a gida. Ina koyar da wannan a aji kowace shekara, amma ɗalibata a takarda ta san shi, ba ta taɓa ganin sa da ido ba. Ɗalibarka ta ci jarrabawa, matsalar ke nan. Ka fiye iya koyarwa.

Jiya na je wurin shugaban sashenmu na faɗa masa yarinyar jinina ce. Na miƙa ɗalibar da aikinta ga wani abokin aikina. Ya tuna mini cewa aikin nan yana cikin abin da za a duba a maganar ƙarin girmana, na ce a duba wata shekara. Yanzu ni ba malamar kowa ba ce a wannan magana, 'yarka ce, bakina a buɗe yake.

Ka mayar da bencin baranda, ka sauke allon, a gabanta in zai yiwu. Ka faɗa mata darasi ya ƙare, kuma maganar gida mai nisa ba a kanta take ba, maganar manya ce. Kada ka jawo ta. Ka tura mata abinci, ka zauna kusa, ka yi abinka.

Sai mai wuyar. Kafin a miƙa rahoto, ka je wurin shugabar makaranta ka faɗi yadda ka shirya yarinyar, ka nemi a dawo da mai dubawar, ta gan ta a gida. Ni ba zan iya nema ba. Kai ne mai riƙonta, haƙƙinka ne.

Ba zan rufe ka ba. Idan ta shigo gidan, ba Tsuntsuwa kaɗai za ta gani ba. Za ta ga hannunka da gwiwarka, za ta tambayi wanda ke kula da ku, kuma abin da ta gani za ta rubuta. Haka na koya mata. Ubanta zai karanta. Ba zan yi maka alkawarin abin da zai yanke ba. Amma rahoton da ke hannunta yanzu yana cewa lafiyayyar yarinya ce mai cizo da gangan, kuma ka san inda wannan zai kai ta.

Ban gudu ba, Baffa. Da na sami hutu ina tafe.

'Yarka.

*

'Yata,

Ina gaishe ki, ki gaishe mini da maigidanki, ki ce ya yi haƙuri da tsohon da ya shigo masa gida ta takarda. Kalaman da na jefe ki da su, ki zubar. Maganar ƙarin girmanki ta tsaya mini a rai, Allah ya mayar miki da abin da ya fi shi. Jiki yana nan yadda kika san shi.

Na je. Shugabar makaranta ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, “Malam, kai da kanka?” Na ce ni da kaina, da murfin tukunya. Ba ta yi dariya ba, amma ta ɗaga waya.

Ɗalibar ta zo da la'asar. Kafin ta ƙwanƙwasa na ɓoye sandata bayan ƙofa. Na tsaya ina kallon ƙofar, sai na koma na ɗauko ta, na buɗe mata da ita a hannu.

Ba ta leƙa ƙarƙashin gado ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, ta ce in ba ta labari. Na ba ta, ban rage ba. Muna cikin haka, sai murya ta fito daga ƙarƙashin gadon, a dishe:

“Kin zauna a kan takalmina.”

Yarinyar nan taki ta ce, “Yi haƙuri,” ta matsa, ta mayar da takalmin yadda yake, ba ta juya ba. Ta tambayi bango, “Fankar ajinku, me take yi?”

Muryar ta ce, “Tana cizon kunne. Kullum. Ba wanda yake cewa ta bari.”

Ɗalibar ta cire tabarau ta goge, ta daɗe tana gogewa. Da ta mayar sai ta dubi sandata ta ce, “Baba, idan ka faɗi, wa ke ɗaga ka?”

Na buɗe baki zan ce ba na faɗuwa. Muryar ta riga ni: “Ni. Ina jawo kujera.”

Na ga alƙalaminta yana tafiya. Na ce shi ke nan, da hannuna na ba da ita.

Ta rubuta duka biyun. Ta rubuta fanka da benci da sawun farce, ta rubuta cewa cizon tsoro ne. Ta kuma rubuta cewa tsohon da ke riƙe da ita ba zai iya shi kaɗai ba. Hukumar makaranta ta zauna. Sun ce ta dawo, a mayar da ita bakin ƙofa, a kashe fankar har a gyara, ɗalibar kuma za ta riƙa zuwa tana zama da sabuwar malamar. Malamar ba ta ji daɗi ba, amma ta ce za ta gwada.

Ubanta ya bugo wayar tela, telan ke maimaita mini a kunne da ƙarfi, har masu wucewa suka ji sirrin gidana. “Ya ce ya karanta. Ya ce kai mutum ne mai taurin kai. Wannan nawa ne, ba nasa ba. Ya ce zai bar ta zuwa ƙarshen shekara ya gani, amma sai yayarsa ta tare a gidan.” Goggon yarinyar ke nan, mace mai murya kamar tana kiran mutum daga ƙetaren kogi. Ba mu taɓa shiri ba. Na ce ta zo. Zuwa ƙarshen shekara kawai ya ce, 'yata, ban manta ba, kuma ina tashi da wannan kowace safiya.

Tsuntsuwa ta fito da kanta bayan kwanaki. Maganarta kaɗan ce har yanzu. Jiya ta ce za ta je makaranta.

Na raka ta. A bakin ƙofar makarantar ta saki hannuna ta shiga, ba ta waiwayo ba. Na kasa komawa gida. Akwai wani dakali a tsallaken titi, gaban shagon mai sayar da littattafai, na zauna a kai ina kallon tagar ajinsu. Kunnen nan da ba ya jin waya, wajen hantsi ya ji ihu. Nata ne, ba ya ɓace mini. Na dafa sanda na miƙe, na kai bakin titi. Idan na shiga, na san abin da zan yi, zan ɗauke ta in kawo gida, kuma kowa zai gani. Na tsaya.

Sai na gan ta ta fito baranda ita kaɗai. Ta tsaya ta dafa ginshiƙi, ta ba titi baya. Malamar ta leƙo, ta dube ta, ba ta taɓa ta ba, ta koma ciki ta bar ƙofar a buɗe. Ban san tsawon lokacin ba, a wurina ya yi yawa. Daga baya ta saki ginshiƙin, ta koma aji da ƙafarta.

Na koma dakalin na zauna har aka tashi. Babu wanda ya fito nema na.

Baffanki.